Hitar Motar Baba

Allurar zafin inji ta taɓa ja, ga asibiti da sauran tafiya. Wata biyu kacal da na koyi tuƙi, kuma motar nan ta girme ni.

Baba na gefena. Tun safe bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kunna hita mai huro iska mai zafi, da tsakar rana.

Na kashe. "Baba, don Allah ka bari."

Ya sake kunnawa.

"Ciwon ya taɓa masa kai," in ji Mama daga baya, tana kuka. "Ko da yake halinsa ne. Shekara nawa yana gasa mu da hitar nan, don mugunta?"

Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni gam. Ya nuna min allurar da ido.

Allurar tana sauka. Ashe hitar ce ke janyo zafin injin zuwa cikin mota.

Mama ta leƙo ta gani. Sai ta miƙo hannu ta ƙure hitar da kanta.

"Taka mota, 'yar nan," ta ce. "Ina da haƙurin da zan ba shi."