Takardar Cikin Buhun Auduga

Raudatu na murzar masara a tsakar gida mijinta Awaisu ya jingina wayarsa da turmi, ya ce ta zo ta ga aikin ɗan garinsu. Talha ne, ɗan Malam Shitu na Kafur, wanda ya tafi karatu Zariya ya ɓuge da harkar fim. Ta ce kamar dai ta taɓa jin sunan.

Irin finafinan nan ne da 'yan boko ke yabo yanzu. Ba waƙa, ba rawa, kowa sai ya ga dama yake magana. Minti biyar ana nuna ƙyauren gida. Akuya ta gifta, aka bi ta da kyamara har lungu. Wai labarin tashin wani saurayi ne da budurwar da ta wulaƙanta shi.

Awaisu ya riga ya yi wa Talha alkawarin zai tura masa ra'ayin matarsa da muryarta, tunda 'yar Kafur ce. Ita kuwa ko gaban surukarta ba ta iya haɗa magana uku, ga shi ya zuba mata ido.

Budurwar fim ta shiga gona ɗibar auduga da sassafe, da ɗanyen lalle a hannu. Raudatu ta ja tsaki. Ta ce wa ke ɗibar auduga raɓa ba ta bushe ba? Zanen ma shuɗi suka ɗaura mata, ai kore ya kamata.

"Yau kuma bakin ya buɗe, amarya?" in ji Awaisu.

Can saurayin ya cusa wata takarda a buhun yarinyar. Ta warware, muryarsa na karantowa da Turanci, Awaisu na fassarawa: ta zo tasha ranar Laraba kafin azahar. In ta zo, zai turo magabatansa. In ba ta zo ba, ya gane.

Totuwar masara ta tsaya a hannun Raudatu. Ta ce ya mayar da wurin, kaji sun hana ta ji. Ya mayar.

Yarinyar ta yi dariya, ta yaga takardar. Daga nan sai saurayi a tasha, yana kallon motoci har fim ya ƙare.

Awaisu ya kanga mata wayar a baki.

"Malam, ka gaya masa aikin banza ya yi," ta ce a hankali. "Yarinyar da ta tsaya a aji uku na firamare zai rubuta wa Turanci? Wa za ta kai wa ya karanta mata, babanta?"

Awaisu ya yi dariya har da buga cinya, ya tura.

Ta ce bari ta ɗauko faifai, ta shige ɗaki. A ƙasan akwatinta, cikin tsohon koren zane, takardar tana nan ba ta yage ba, shekara shida ke nan, sai yau ta ji abin da ke cikinta.