Loma Ɗaya, Sai Njamena

Inna ta zare ƙayoyin kifin ɗaya bayan ɗaya, ta murje tsokar cikin romo da yatsa, ta tura kwanon gaba. 'Yar'azumi ta dube shi, ta kau da kai.

Tun da ruwan bana ya shanye fadamun Auyo ta daina cin abinci. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Likita ya duba ya ce a yi ta lallashi, in ramar ta ci gaba sai dai a zura mata roba ta hanci. Inna ta ji maganar kamar da wata ake yi. Ta ce to, suka hau adaidaita suka dawo gida.

Dabara kuwa da ƙafarta ta zo. Wata rana da azahar 'Yar'azumi ta ɗago kai.

"Inna, yaushe za mu Njamena? Kin ce za ki saya min kisra."

Inna ba ta tuna ranar da ta yi wannan alƙawari ba. Ita ko Maiduguri ba ta taɓa wucewa ba. Amma ta ga baki ya buɗe, sai ta kai loma. Aka haɗiye.

"Kwanan nan," in ji ta. "Buɗe, in faɗa miki."

Washegari ta nemi Ya Kolo, wata mai turaren wuta a kasuwar Haɗeja da ke saro kaya daga Chadi. Ta tsuguna gaban kaskonta ta yi ta tambaya. Ya Kolo ta kwatanta mata hanya: Maiduguri, Gamboru, Kusuri, sai gada, sai gari. Ta faɗa mata inda ake gasa naman raƙumi, da inda mata ke shimfiɗa kisra a kan faranti mai zafi, siririya har kana hango hannunka ta ciki. Ta yi mata bayanin salanga, busasshen kifin can, da jan shayi mai kauri a ƙananan kofuna.

Inna ta kwaso labarin duka ta kawo gida, tana raba shi kaɗan-kaɗan kamar magani. Da safe su sauka a tasha, su karya da shayi: loma uku na kunu. Da rana su shiga babbar kasuwa neman kisra da miyar kuɓewa: rabin malmalar tuwo. Wani lokaci 'Yar'azumi ta gyara mata. "A'a, ba nan ba. Bayan masallaci, wajen mace mai tsage a kumatu." Inna ta ce haka ne, ta manta.

Ba ta jin komai in tana ba da labarin. Bakinta ne ke tafiya, idonta na kan maƙogwaro, tana jiran ya motsa. In an gama ta goge mata haɓa, ta ɗaura mata ɗankwali, ta je ta tabbatar sakatar ƙofar gida tana rufe.

Kumatu suka fara cikowa. Sai kuma labari ya daina isa.

"Kullum gobe," in ji 'Yar'azumi, ta ture cokali. "Ƙarya kike yi min."

Inna ta sayo jaka. Aka ci abinci na kwana biyu. Ta sayo takalmi sabo, aka ci na yini guda. Mijinta Modu ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama, 'Yar'azumi ta ɓuya a bayan Inna kamar yadda take yi masa kullum.

Ya ja matarsa gefe. "Da gaske za ki kai ta? Hanyar Gamboru, a wannan hali?"

"Ban sani ba."

"To bayan jaka da takalmi fa, me za ki sayo?"

Inna ta koma kan kayan wanki. Ta ci gaba da ninke zani.

Ranar Lahadi da hantsi tana shanya a bayan ɗaki, ta ji gidan ya yi shiru fiye da kima. Sakata a zare. Babu jaka, babu takalmi.

Bakin kogi ta fara nufa. Ruwa ya cika har gindin itatuwa, masunta suna ta harkarsu, babu wanda ya ga kowa. Ta daɗe tana kallon ruwan, tana jiran tsoro ya zo mata. Bai zo ba. Ƙafafunta ne kawai suka juya da kansu.

Ta bi lungu-lungu. Dole ta kira, kuma suna ɗaya ne kawai ake amsa mata da shi yanzu. Ya yi mata nauyi a harshe kamar kullum, amma ta ɗaga murya.

"'Yar'azumi!"

A tashar mota ta same ta, zaune kan bencin wata mai masa, jaka a cinya, takalmi hagu a dama. Hannunta duk mai. Tana ci, tana ci da gaske, ba wanda ke lallashinta.

"Taki ce?" in ji mai masar. "Ta ce mahaifiyarta take jira, za su Njamena cin kisra. Wallahi duk tashar nan sai da jikinmu ya yi sanyi. Na ce a zuba mata kawai."

'Yar'azumi ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Ga Innata nan! Ban ce muku za ta zo ba?"

Mai masa ta dubi wannan, ta dubi waccan. Cokalin juyi ya tsaya a hannunta.

Inna ta durƙusa, ta sauya mata takalman, ta mayar da furfurar da ta zubo cikin ɗankwali.

"Sunan mahaifiyarta na ci," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ita ce ta haife ni."