Araha Ba Ta Ado

"Araha ba ta ado, 'yata." Amsar Kawu ke nan kullum ta yi kukan tsadar tikitin jirgin ƙasan da yake sayo mata. Sai da ta yi wata takwas tana karatu a ƙasar mutane kafin ta gano farashin ɗalibai: rabin abin da yake karɓa.



Ranar da zai tafi gida ɗaurin auren ɗansa, ita ta saya masa tikitin bas zuwa filin jirgi. Har albarka ya sa mata.

Bayan awa biyar ya kira. "Ke, motar nan kowane ƙauye sai ta tsaya. Jirgina ya tashi."

"Mafi araha na zaɓo maka, Kawu. Ai kai ka ce ba ta ado."