Bangon Hawa na Tara

Lauyan kamfani ya zo, ta kore shi. Manaja ya zo da mukullin sabon gida, ta ce ya kai wa wadda ta roƙe shi. Ana gobe kwamitin bincike zai zauna, sai suka turo injiniyansu.

Duk kasuwa an san Mai Tukwane ba a kayar da ita a ciniki. Tana rumfarta ranar da gobarar dogon benen ta cinye mijinta da maƙwabtansu. Yanzu ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga lokacin da aka toshe matakalar baya da bulo, don kamfani ya samu ƙarin ɗakin haya. Ta kuma ga wanda ya tsaya kan magina yana nuna musu, wato wannan injiniyan.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa ƙasa.

"Sun ce ki faɗi abin da kike so."

"Su suka ce? Kai naka bakin haya ka bayar? Tashi mu je."

Da ƙafa suka hau benen, ƙauri na shaƙe su. Ya miƙa hannu zai karɓar mata jaka, ta fizge. Kowace ƙofa suka wuce sai ta gaishe ta. Nan tela. Nan mai jego. Nan tagwayen da ke sace mata takalmi. Babu abin da ke amsawa sai iska.

A hawa na tara ta tsaya gaban bangon bulon da ya toshe matakalar. Shatin tafin hannaye ne baƙi ƙirin, manya da ƙanana, inda mutane suka yi ta lalubar hanyar da suka sani a cikin hayaƙi.

"Umarni aka ba ni," ya ce. "In kika ambace ni, ni zan tafi gidan yari, su su sha."

"Su ma ba za su sha ba. Sa hannunka nan."

Ta nuna wani shati mai karkataccen ɗan yatsa. Ya ɗora tafinsa. Tafin ya zauna cif, kamar an auna.

"Ba rangwame," ta ce. "Gobe zan faɗa."

Ta juya ta fara sauka a hankali, ta bar ɗanta na fari tsaye, hannunsa a kan hannun ubansa.