Mai Kiwon Kifi da Motar da Ta Ƙi Tashi

Saude, na ji abin da kika faɗa game da mahaifinki. Tun da aka sallamo shi daga asibiti kin kawo abinci, kin kawo magani, kullum kina matsa masa ya tashi ya koma yadda yake a da, shi kuwa sai dai ya bi ki da ido. Zauna in ba ki wani misali.

Wani mai kiwon kifi ne ya je gari mai nisa tare da matarsa, suka sayo 'ya'yan tarwaɗa ƙanana, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Suka zuba su a duro biyu na ruwa a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa mai shan dizal. Shekara guda suka yi suna haƙa tafkin da za su zuba su. Allurar da ke nuna mai a motar ta daɗe da lalacewa, da kara yake auna tanki, ranar kuwa ɗoki ya sa ya manta. Rana ta take tsaka, suna tsakanin ƙauyuka biyu, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya zura kara, ya fito a bushe. Ya bar matar da kifin, ya taka zuwa ƙauyen gaba, ya samo galan guda na dizal a wajen mai injin niƙa, ya dawo jiƙe da gumi ya juye a tanki. A zatonsa magana ta ƙare. Ya murɗa makulli, injin ya juya amma bai kama ba. Ya sake murɗawa. Ya sake, yana taka totur har ƙasa. A baya ruwan duro ya fara ɗumi, kifin suna tasowa sama suna buɗe baki. Matar ta cire mayafinta ta rufe bakin duro ɗaya, ta tsaya ta kare ɗayan da inuwarta, tana ɗibar ruwan da kofi tana zubo shi daga sama. Duk lokacin da ya waiwaya ya gan ta tsaye cikin rana, sai ya ƙara murɗa makullin da ƙarfi, ƙarar injin kuwa tana ƙara yin ƙasa, don batir ya fara gajiya.

A gindin wata tsamiya a bakin hanya akwai wani tsoho yana tufka igiya. Idonsa ya yi rauni, amma ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, kunnensa kuma bai tsufa ba. Ya taso da sandarsa ya dafa ƙofar motar ya ce, "Ɗana, cire hannunka daga makullin nan. Sau biyu ya rage maka, kada ka ɓarar da su." Ya bayyana masa cewa motar dizal in ta shanye manta ƙaf, iska take zuƙa ta cika bututunta. Mai yana tanki, gaskiya ne, amma bai iso inda ake bukatarsa ba, kuma murɗa makulli ba zai kawo shi ba. Ya sa aka buɗe bonet, wato murfin injin, ya laluba da yatsunsa har ya samo ɗan noti a saman matatar mai, ya ce a sassauta shi kaɗan. Sannan ya kama hannun mutumin ya ɗora a kan wani ɗan famfo da ke gefe, ya ce ya danna, ya saki, ya jira ya dawo, ya sake dannawa, kamar mai lallashin jariri ya yi barci. Mutumin ya danna sau ashirin, babu komai. Ya danna sau arba'in, babu komai. Hannunsa ya fara sauri, sai tsohon ya ɗora nasa tafin a kai, ya mayar da shi yadda yake. Can sai suka ji ɗan huci daga notin. Kumfa ta biyo baya, fara kamar ta sabulu, tana fitowa tana fashewa. Mutumin ya zabura zai koma ga makulli, tsohon ya riƙe masa riga. Suka ci gaba har kumfar ta ƙare, mai ya fito zalla yana gangarowa a kan yatsun tsohon. Ya murza shi, ya sansana, ya ce a ɗaure notin.

Mutumin ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa sau ɗaya. Injin ya ja numfashi da ƙyar, ya yi tari, ya girgiza motar duka, ya kama. Matar ta tsame matattun kifi goma sha ɗaya daga saman ruwan, sauran ɗaruruwan kuwa suna motsi a ƙasa. Mutumin ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu. Tsohon ya goge yatsunsa a jikin rigarsa ya ce, "Maza ka kai baiwar Allah nan inuwa, ta fi kifin shan rana." Kafin la'asar kifin suna iyo a tafkinsu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.