Ciyawar Ƙofar Gidan Maikuɗi

Bayan ruwan fari ne Maikuɗi ya ga ciyawar a bakin hanyar Agiye. Siririya ce, furenta farare ƙanana, kowanne da kunnuwa huɗu. Ya tsinki ganye ya tauna, yaji ya hau masa hanci har ya yi atishawa. Shi da ke cika baki a majalisa cewa babu hakin da bai san sunansa ba daga nan har Gazawa, sai ga shi ya yi tsuru-tsuru.

Abin da ya ɗaga masa hankali, ba a warwatse ta fito ba. Layi ta ja kamar an shuka da hannu, kuma layin bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidansa.

Sammu ne, ba wata tantama. Dama duniya ta lalace, ko kafin ruwa sai da aka zare masa ƙullin saƙon matarsa Mansura daga aljihu a kasuwa. Kuma wa zai yi masa wannan in ba Tijjani ba, maƙwabcin da suka yi sa-in-sa kan iyakar gona? Ya zura rigarsa ta cin kasuwa, ya kai ƙara gun maigari. Ya ce in bai nuna inda sharrin ya taso ba, a kira shi maƙaryaci a bainar jama'a.

Aka ɗunguma, gogan naka a gaba yana nuni da sanda. Layin ya wuce gidan Tijjani, ko kallonsa bai yi ba. Ya miƙe kasuwa, ya karkata ya yi cunkus a gindin tukubar mai tsire, wurin da Maikuɗi ya rantse wa Mansura bai sake takawa ba tun da likita ya hana shi nama. Nan Maikuɗi ya ƙara sauri ya wuce.

A rumfar Mamman mai kayan yaji layin ya ƙare. Mamman ya murza ganyen ya shinshina.

"Ai lafsur ne, Maikuɗi. Ƙwayarsa na ƙulle maka kafin ruwa, ka ce na mai ɗakinka ne."

Kunya ta rufe Maikuɗi. Ya sa hannu a aljihu ko zai samu goro ya ɓoye bakinsa, sai ga yatsunsa uku sun leƙo ta ƙasa, a kan idon Tijjani.