Abin da Na Gaya wa Ƙudan Zuma

Ranar da aka bugo waya daga asibiti cewa maigidana ya rasu, ina feraye dankali. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Ke, kuka ya jira. Je ki gaya wa ƙudan zumansa kafin rana ta faɗi, in ba haka ba za su watse da albarkar gidan. Kuma da harshensa, ba sa jin Jamusanci."

"Iya, ni aure ya kawo ni garin nan. Yaya ake cewa ya mutu?"

"Da na sani zan tsaya surutu? Uwata ce mai jin harshen, ta tafi da shi kabari."

Tsohon harshen Firisiyawa ne, wata ƙabila a nan arewacin Jamus, masu jinsa sun kusa ƙarewa. Wani malamin jami'a yakan zo ɗaukar muryar maigidana, yana tambayar yadda kakanni ke cewa ci, sha, tafi. Ni abu ɗaya na riƙe, amsar da maigidana yake ba ni in na kira shi cin abinci.

Na ƙwanƙwasa amya da makullin gida. Kukansu ya ɗauke ɗif. Na ce da harshensa, "Ina zuwa."

Ba su tafi ba.

Malamin ya zo ta'aziyya, ya koya mini kalmar "ya mutu", amma har yau na kasa furta ta a gabansu. Kowace safiya nakan ƙwanƙwasa in ce ina zuwa, sannan in kasa kunne, ko sun gane muryar ba tasa ba ce.